Yadda Ake Haɗa Shirin Labaran Safe na Rediyo a Legas, Daga Daren Jiya Zuwa Ƙarfe Bakwai

Mai sauraron shirin safe na Hausa a Legas ba a zaune yake ba. Ɗan kasuwa ne a Mile 12 yana jiran a sauke masa kwandunan tumatir, ko mahauci a Oko-Oba da ya fito tun duhu, ko direban tirela da ya kwana a layin shiga Apapa, ko mai shayi a Obalende, ko uwargida a Agege tana shirya yara. Kowannensu minti goma ko sha biyar zai ba ka, kunne ɗaya a rediyo, ɗaya a sana'arsa. Ba ya jin shirin daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba kullum yake shigowa a wuri ɗaya ba. Duk wani tsari da za a yi bayani a nan daga wannan ya samo asali.

Shirye-shiryen safe da suka daɗe a duniya duk sun yi tarayya a abu ɗaya. Shirin Today na BBC a Ingila ya fara a 1957, shekarar da aka buɗe Sashen Hausa na BBC. Morning Edition na gidan rediyon NPR a Amurka ya fara ranar 5 ga Nuwamba 1979, kuma Bob Edwards ya riƙe shi har 2004. A nan gida, labaran ƙarfe bakwai na Rediyon Najeriya sun zame wa gidaje da yawa agogo. Muryoyi sun sauya, gwamnatoci sun sauya, amma mai sauraro ya san abin da zai ji a kowane minti. A NPR, jadawalin sa'a a yanke yake daƙiƙa-daƙiƙa, domin tashoshi da dama ne ke ɗaukar shirin, kowace kuma tana jiran gurbinta ta saka labaran garinta. Abin koyi ke nan. Ko tasharka ita kaɗai take watsa shirin, ka yi masa agogo kamar wasu na jiranka.

Zana agogon shirin

Ɗauki shirin sa'a ɗaya, daga 6:00 zuwa 7:00. Wannan sa'a ta dace da Legas don kafin bakwai yawancin mutane sun riga sun hau hanya, kuma tashoshin da ke ƙarƙashin Rediyon Najeriya sukan haɗe da labaran ƙasa da ƙarfe bakwai daidai. Ga tsarin da ke aiki: take da gaisuwa da kanun labarai su cinye minti ɗaya da rabi. Cikakkun labarai daga 6:01:30 zuwa 6:08. Hanya da yanayi minti biyu. Babbar hira daga 6:10 zuwa 6:16. Sanarwa da talla minti biyu, rahoton wakili minti uku, farashin kasuwa daga 6:21 zuwa 6:25, sai labaran gida daga Arewa har zuwa 6:29. Da 6:30 a maimaita kanu, a sake duba hanya, sannan bitar jaridu, hira ta biyu, wasanni, saƙonnin masu sauraro, hanya karo na uku da 6:54, kanu da sallama.

Wurare huɗu ne ba a taɓawa ko me ya faru: 6:00, 6:08, 6:30 da lokacin rufewa. Sauran suna iya miƙewa ko tsukewa. Direban da ya saba jin labarin hanya da 6:08 yana yanke shawara a kansa, ko ya bi gadar Third Mainland ko ya bi titin Ikorodu. In ka kawo masa shi da 6:14 sau uku a mako, zai koma Lagos Traffic Radio a 96.1, kuma da wuya ya dawo.

Mai gabatarwa ya faɗi lokaci bayan kowane ɓangare, ya faɗe shi yadda mutane ke faɗa: "shida da kwata", "bakwai saura minti goma". Kada ya ce "kusan shida da rabi". Wanda hannunsa ke cikin ƙullu ko kan sitiyari da bakinka yake duba agogo.

Ƙarshen shirin daga baya ake lissafa shi. In dole a fita da 6:59:50, kuma taken rufewa daƙiƙa 45 ne, to a kunna shi da 6:59:05. Sallama daƙiƙa 30, don haka ta fara da 6:58:35. Kanun ƙarshe minti ɗaya, su fara da 6:57:35. Furodusa ya rubuta waɗannan lambobi da babban rubutu a saman takardar jadawali. Ba tare da su ba, ko dai labaran ƙasa su datse mai gabatarwa a tsakiyar jimla, ko kuma a gama da wuri a cike gurbi da kiɗa, dukansu abin kunya ne.

Aikin dare

Shirin safe da dare ake dafa shi, da asuba ɗumame kawai ake yi. Tsakanin huɗu da biyar na yamma a yi zaman minti ashirin: edita, furodusan dare, da duk wakilin da ke kusa. A fitar da manyan labarai uku da ake sa ran za su kwana da rai, a zaɓi baƙi biyu, a raba aikin rahotanni. A duba abin da aka riga aka san zai faru gobe: zaman kotu, zaman majalisar jiha a Alausa, sanarwar rufe hanya, wasan ƙwallo na dare da sakamakonsa zai fito bayan kowa ya kwanta.

Baƙo shi ne inda shiri ya fi karyewa. A kira shi kafin takwas na dare, a yi hira ta share fage ta minti biyar don a ji ko yana da abin faɗa, kuma ko Hausarsa za ta ɗauki hira kai tsaye. A Legas wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne: jami'in da ya fi sanin batun sau da yawa ba ya jin Hausa. In haka ne, a naɗi muryarsa da dare, a fassara, a ɗora muryar fassara a kai. A bar daƙiƙa uku na muryarsa a farko, a sassauta ta, fassara ta hau, sannan a bar daƙiƙa biyu na muryarsa a ƙarshe. Kada a gwada fassara kai tsaye da asuba. Tana ninka tsawon hira, kuma kuskure ɗaya a kan adadi ya isa ya jawo ƙara.

A karɓi lamba biyu daga kowane baƙo, a kan layukan waya daban-daban. A gaya masa minti nawa zai yi da kuma ainihin lokacin, a ce za a kira shi minti biyar kafin nan. Kuma kada a dogara ga baƙon da ya ce zai zo ɗakin watsa shiri da kansa daga Ikorodu ko Agege, sai dai in zai iso kafin biyar da rabi. Niyyarsa mai kyau ce, hanya ce ba ta san alkawari ba.

Kafin furodusan dare ya tafi, ya bar abu huɗu: jadawalin gobe, sautukan da aka gyara da sunayensu a fili, takardar miƙa aiki mai faɗin abin da aka tabbatar da abin da ba a tabbatar ba, da kuma rahoto biyu na ajiya, ɗaya na minti biyu, ɗaya na minti huɗu, waɗanda ba sa tsufa. Hira da likita kan zazzaɓin cizon sauro, ko rahoto kan yadda ake jigilar shanu zuwa kasuwar Kara, suna iya kwana mako a ajiye. Ranar da layin baƙo ya mutu, su ne za su rufa asiri.

Da asuba

Ma'aikatan safe su kasance a ofis da huɗu. Mutum huɗu sun isa: edita, furodusa, mai gabatarwa, injiniya. In akwai na biyar, ya riƙe waya da saƙonni. Tasha ta tanadi mota ko wurin kwana. Mai gabatarwa da ke neman abin hawa a Oshodi da uku da rabi na dare ba zai daɗe a aikin ba.

Daga 4:00 zuwa 4:30 edita ya bi abin da ya faru cikin dare: Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, shafukan manyan jaridu, sanarwar 'yan sanda da ta hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas (LASEMA), hasashen hukumar yanayi ta ƙasa (NiMet), da saƙonnin wakilai. Daga 4:30 zuwa 5:20 rubutu. Da 5:20 edita ya karanta komai. Sai a tsaga minti goma na sallar asuba a cikin jadawalin aiki, ana bin lokacin Legas, don asubar Legas ba ta Kano ba ce, kuma tana motsawa da watanni. A watan Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai. In ba a rubuta wannan gurbi ba, zai ci lokacin gwajin murya. Da 5:45 mai gabatarwa ya karanta labarai da ƙarfi ana auna shi da agogo. Da 5:55 kowa a kujerarsa.

Kowane mai gabatarwa ya san saurin bakinsa. A ba shi rubutu ya karanta minti ɗaya, a ƙirga kalmomin, a yi haka sau uku a ɗauki matsakaici. In ya fito kalma 150 a minti, lissafin labarai kamar haka ne: minti shida da rabi daƙiƙa 390 ne, a cire tsakuren murya biyu masu daƙiƙa 25, saura 340, wato kalma 850. Labari takwas ke nan, kowanne kimanin kalma ɗari. Duk abin da ya haura haka a yanke shi a takarda, kada a bar wa mai gabatarwa ya ƙara gudu.

Rubutu da fassara

Yawancin abin da ke shigowa ɗakin labarai a Legas da Turanci yake zuwa, kuma nan ne shirin Hausa ke samun daraja ko ya zubar da ita. Kada a fassara jimla-jimla. A karanta labarin duka, a kife takardar, a faɗa wa na kusa abin da ya faru kamar ana ba shi labari a bakin masallaci, sannan a rubuta abin da aka faɗa. Daga nan a buɗe takardar a duba sunaye da adadi.

Jimla ɗaya, magana ɗaya. Wanda ya faɗi magana ya zo kafin maganar: "Rundunar 'yan sandan jihar Legas ta ce..." domin mai sauraro ba ya iya komawa baya ya ga wa ya faɗa. Muƙami kafin suna. A tauna adadi: naira biliyan 4.97 ta zama "kusan naira biliyan biyar". Miliyan da biliyan da tiriliyan a rubuta su da kalma, a ja musu layi, don a bakin da bai gama farkawa ba suna musanya wuri. Lokacin da ya zo da agogon GMT a ƙara masa sa'a ɗaya. "Jiya" da ke cikin rubutun daren jiya ta zama "shekaranjiya" idan gari ya waye. A bi kowace "yau" da "jiya" da "gobe" kafin shiga.

Kalmomin shari'a suna da haɗari. Wanda aka kama "wanda ake zargi" ne har sai kotu ta yanke hukunci. Wanda alƙali ya ce a tsare kafin a ci gaba da shari'a ba a "ɗaure" shi ba. Kalma ɗaya a nan tana iya zama ɓata suna.

Masu sauraronka ba Hausa ɗaya suke yi ba. Akwai Basakkwace, akwai Bakano da Bazazzage, akwai mutanen Nijar, akwai wanda aka haifa a Agege ko Idi-Araba, kakansa ma a nan aka haife shi, akwai kuma Babarbare da Bafulatani da Banufe da Hausa ce harshen kasuwarsu. A rubuta labarai da daidaitacciyar Hausa, a bar baƙo ya yi karin harshensa. Sunayen wurare kuma a faɗe su yadda masu wurin ke faɗa. Ojuelegba, Oworonshoki, Igbosere, Ipaja: a samu abokin aiki Bayarabe ya naɗa su a waya, a ajiye a kwamfutar ɗakin labarai. Mai gabatarwa da ke karya sunan unguwa yana gaya wa mazaunanta cewa bai taɓa zuwa can ba.

Hanya, kasuwa, da labarin gida

Labarin hanya yana lalacewa cikin minti ashirin. Duk bayanin da ya wuce haka a sake tabbatar da shi ko a yar. A faɗi wuri, da ɓangaren da abin ya shafa, da dalili, da mafita: "Daga Ketu zuwa Ojota, ɓangaren masu shiga gari, tirela ta lalace a layin tsakiya, jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta LASTMA na wurin." Faɗin "akwai cunkoso a titin Ikorodu" ba labari ba ne, kowa ya sani. A jera wurare kullum a tsari ɗaya, misali daga Berger a gangaro, sannan titin Agege zuwa Oshodi, sannan Apapa da Mile 2, don kowa ya san lokacin da za a zo kansa. A haɗa da jiragen ƙasa na cikin gari, na Marina zuwa Mile 2 da na Agbado zuwa Oyingbo, in an sami tsaiko. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya fi yawa, hasashen yanayi ya riga labarin hanya, don shi ne sanadinsa.

Farashi kuwa ba a ɗaukarsa daga bakin mutum ɗaya. A tambayi 'yan kasuwa uku, a faɗi mafi ƙanƙanta da mafi girma, a faɗi ma'auni da ranar da aka ɗauka. Kwandon tumatir babba ne ko ƙarami? Buhun albasa sabuwa ce ko tsohuwa? Sari ne ko sayen ɗai-ɗai? Mai sayen shinkafa a Legas da derika da bokitin fenti yake awo, ba da mudu ko kwano ba. A kuma kiyayi dillalin da ke son amfani da rediyo ya ɗaga farashin abin da ya tara. Alamarsa ita ce kullum adadinsa ya fi na kowa, kuma kullum shi ke fara kira.

Labaran gida su ne abin da ya bambanta shirin Hausa a Legas da kowane shiri a garin. Mutumin da iyalinsa ke Funtuwa ko Illela yana son jin halin damina, da tsaron hanya, da farashin hatsi a Dawanau. A samu wakilai ko abokan hulɗa a tashoshin Arewa su turo saƙon murya ta WhatsApp kafin biyar, kada ya wuce daƙiƙa 50, a naɗe shi a ɗaki mai labule ko cikin mota a rufe, waya nesa da baki kamar tsawon tafin hannu.

Abin da ba a gaggawa a kansa

Akwai labarin da in ka riga kowa faɗa ba ka ci komai ba, in kuma ka yi kuskure wani zai rasa ransa. Faɗa tsakanin ɗan acaɓa da wani a tasha, ko rigima a kasuwa, cikin sa'a guda ake mayar da ita "Hausawa da Yarabawa" a wayoyin mutane. Wanda ya san rikicin Mile 12 na Maris 2016 ya san inda hakan ke kaiwa. Ƙa'ida ita ce majiya biyu da ba su ji daga juna ba, ɗaya daga cikinsu hukuma ko wakilinka da ya gani da idonsa. Kada a ambaci ƙabilar kowa sai in labarin ba zai fahimtu ba sai da ita. Adadin mamata a jingina shi ga wanda ya faɗa. Bidiyon da ke yawo ba majiya ba ne. A kira sarkin Hausawan unguwar da shugabannin kasuwa, a kira ɗaya ɓangaren ma, kuma kada a buɗe layin waya ga jama'a a ranar.

Haka ganin wata: a jira sanarwar Sarkin Musulmi. Haka sakamakon zaɓe: na hukumar zaɓe kaɗai ake karantawa, kuma doka ta hana watsa yaƙin neman zaɓe cikin sa'o'i 24 kafin ranar jefa ƙuri'a. Hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, tana da kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye. Kwafinsa ya zauna a teburin edita. A tashar gwamnati akwai wata jarrabawar kuma, ta fara kowane shiri da abin da gwamna ko minista ya ce. Ma'aunin shi ne: wannan zai sauya wa mai sauraro wani abu yau? Sanarwar hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida da ta fara aiki ranar 1 ga Yuni 2022 babban labari ce, don ta taɓa abincin dubban mutane. Ziyarar ban-girma ta jira labari na bakwai, ko ta faɗi.

In an yi kuskure, a gyara shi a cikin shirin, ko gobe a daidai lokacin da aka yi shi, da jimla biyu: abin da aka ce, da abin da yake daidai.

Ɗakin watsa shiri

Makirufo ya kasance kamar tsawon dunƙulen hannu daga baki, a ɗan karkace don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. A naɗi, ƙololuwar murya ta tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin sauti. Abin da ya kai sifili ya fashe, kuma da wuya a gyara shi. Kowace waya a ɗakin a kashe ta ko a nisanta ta da igiyoyi, don ita ke sa wannan ƙarar tsit-tsit. Gunjin da ba ya yankewa yawanci daga wutar lantarki yake, ko igiyar sauti ta kwanta kan ta wuta, ko wayar da ke haɗa na'ura da ƙasa ta lalace.

Baƙon waya da ke jin amsa-kuwwar muryarsa zai rikice; injiniya ya tura masa duk sautin shirin ban da nasa. Mai kira kuma a ce ya rage rediyonsa tun kafin a sa shi. In akwai na'urar jinkirta sauti na daƙiƙa bakwai, a kunna ta duk lokacin da za a ɗauki kiran jama'a. In babu, a karɓi saƙonnin murya a tace su. Ya fi aminci, kuma ya fi tsimin lokaci.

Wuta za ta ɗauke. Na'urar haɗa sauti, kwamfutar kunna sautuka da hanyar tura shiri zuwa na'urar watsawa duk su kasance kan inbata ko batirin da zai riƙe su har janareta ya tashi, kuma a gwada sauyin sau ɗaya a mako, a duba man janareta kowane dare. A buga rubutun labarai a takarda, shafi ɗaya labari ɗaya, fuska ɗaya kawai, ba a maƙale ba, don a iya sauya jeri ba tare da ƙarar takarda ba. Sautukan shirin a kwafe su a filashi, a kuma ajiye su a waya da ke haɗe da na'urar. Layi ya yanke ana hira, mai gabatarwa ya faɗa sau ɗaya, "layin ya katse, za mu sake nemansa," ya wuce abu na gaba. Kada ya tsaya yana "halo, halo".

Da 7:05 a yi zaman minti goma a tsaye: me ya makara, me ya sa, wane baƙo za a sake kira, wane ba za a sake ba. A rubuta a littafi ɗaya da ba ya barin ɗakin. A adana naɗin kowane shiri aƙalla wata uku, da rubutunsa, da kwanan wata a sunan fayil, don ranar da wani zai ce an faɗi abin da ba a faɗa ba. Mai gabatarwa kuma kada ya wuce kwana biyar a jere; a samu na biyu da masu sauraro suka saba da muryarsa tun kafin a buƙace shi, yana karanta wasanni ko bitar jaridu kullum, har ranar da zai zauna a babbar kujera.